Hatimin da Ba Zan Rubuta Maka Ba

Daga Sabha, ƙasar Libiya.
Zuwa ga ɗana Abba, a Gure.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka lafiya, kai da innarka da ƙanwarka da duk wanda ke kwana a gidan. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe, Ya tsare ka a bisa ƙasa da kuma a ƙarƙashinta.

Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi sau uku a bakin famfon gonar da nake aiki. Ka ce da an gama girbi za ka bi abokanka zuwa Jado haƙar zinariya. Ka ce in rubuto maka hatimin tsari, irin wanda ake ɗinkewa a fata a ɗaura a dantse kafin a shiga rami, don ka ji ana cewa a zamanina ba wanda ya kai ni hannu a Gure. Ban amsa ta waya ba saboda saƙon waya duk gida ke ji, kuma ba a zana hatimi da baki. Shi ya sa na sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, na zauna.

Tafiya dai ba zan hana ka ba. Uban da ya bar ɗansa yana shekara bakwai ba ya da bakin cewa zauna. Na kuma san rairayi ya cinye rabin gonarmu, na san abin da ke cikin rumbu. Amma hatimi ba zan rubuta maka ba, ko za ka yi fushi da ni har ƙarshen raina. Abin da zan yi, zan koya maka yadda ake gina shi tun daga tushe, ka riƙe shi a hannunka a buɗe, ka ga abin da ke ciki da idonka. Ka yi haƙuri ka bi lissafin, kada ka tsallake. Akwai dalili.

Kakanka, wanda ka ci sunansa, shi ya koya mini. Ina da shekara goma sha biyar ya zaunar da ni a zaure, ya ja layi biyu a tsaye da biyu a kwance a bisa allo, gida tara suka fito. Ya zuba lambobi daga ɗaya zuwa tara, ga yadda suka zauna:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Ka haɗa kowane jeri a kwance, sha biyar. A tsaye, sha biyar. Daga kusurwa zuwa kusurwa, sha biyar. Hanya takwas ke nan, duka jimla ɗaya. Ranar ji na yi kamar an ɗaga mini labulen wani ɗaki da ba kowa ke shiga ba.

Ga yadda ake zuba su, ba haddacewa ake yi ba. Ɗaya tana zama a gidan tsakiya na jerin ƙasa, shi muke kira mabuɗi. Daga nan kowace lamba tana taku ɗaya a karkace, ƙasa da dama. In takun ya fitar da kai ta ƙasa, sai ka shigo ta sama a wannan jerin. In ya fitar da kai ta dama, ka shigo ta hagu. In ka tarar gidan da mai shi, kada ka matsa masa, sai ka sa lambar a gidan da ke bisa kan wanda kake tsaye. Gwada da yatsa. Daga ɗaya ka fita ta ƙasa, ka shigo ta sama, biyu ta zauna a kusurwar dama. Daga biyu ka fita ta dama, ka shigo ta hagu, uku ta zauna. Daga uku ka tarar da ɗaya a gabanka, sai huɗu ta hau bisa kan uku. Biyar da shida su gangara a karkace, bakwai ta hau kan shida, takwas, sai tara ta rufe, ita ce makulli. Da wannan takun za ka cika mai biyar-biyar, jimlarsa sittin da biyar, ko mai bakwai-bakwai, ko duk wanda gefensa bai rabuwa biyu.

Da na iya, sai na ce, "Baba, me ya sa kullum biyar ce a tsakiya?"

Ya ɗago kai ya dube ni. "Kai da aka haifa jiya, kai ne za ka tambayi biyar dalilin zamanta? Je ka wanke allon."

Na je na wanke, ban sake tambaya ba. Kuskurena na farko ke nan. Ba na ganin laifin kakanka, shi ma haka aka ba shi, kuma mutum ne mai tsoron Allah, ya yarda da abin da yake rubutawa har cikin ransa. Laifina ne da na ji daɗin rashin amsar. Abin da ba a bayyana shi ya fi kwarjini, ni kuwa kwarjini nake so.

Amsar sai a nan na same ta, da furfura a gemuna. Akwai wani Basudane da muke aiki tare, Usman, mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, a ƙasarsu kafin yaƙi ya watsa su. Wata rana da azahar muna hutawa a gindin dabino, ya ga ina zana gida tara a ƙasa da tsinke, don hannuna ya saba ko ba na so. Ya yi dariya ya ce, "Kai tsoho, ina ka samo wasan ƴan ajina?"

Na ce, "Wasa?"

Ya ce, "Ranar da na gaji da koyarwa shi nake ba su, su yi shiru."

Ya karɓi tsinken. Ya ce in haɗa ɗaya zuwa tara, arba'in da biyar. Jeri uku za su raba ta daidai, ko wanne sha biyar, ba yadda za a yi ta zama wata lamba. Sannan ya nuna mini hanyoyi huɗu da ke ratsa gidan tsakiya: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, biyu a karkace. Sha biyar sau huɗu, sittin. Hanyoyin nan sun taka kowane gida sau ɗaya, amma na tsakiya sun taka shi sau huɗu, wato sau uku fiye da kima. Ka cire arba'in da biyar daga sittin, saura sha biyar, ka raba uku. Biyar. Shi ke nan sirrin da aka hana ni. Ya mayar mini da tsinkena ya koma barcinsa.

To Abba, duk wanda ya ba ka wani abu ya ce kada ka tambayi dalilinsa, ko mai rami ne, ko direba, ko malam, ko ni, ka tambaya. In ya yi fushi, ka ƙara tambaya. Wanda ya sani ba ya jin haushin a tambaye shi.

Yanzu ga yadda sunan mutum ke shiga hatimi, don nan ne abincinmu yake. Kowane harafi na Larabci yana da lambarsa a hisabi. Ka haɗa haruffan sunan mutum, ka sami adadinsa. Ka cire sha biyu, ka raba abin da ya rage gida uku. Abin da ya fito shi za ka sa a mabuɗi maimakon ɗaya, ka ci gaba da ƙirga da takun da na nuna maka. Kowace hanya za ta ba ka adadin sunansa. Mutum ya ga sunansa yana fitowa ta ko'ina, sai jikinsa ya mutu.

Amma ba kowane suna ke rabuwa uku ba. Akwai wani dillalin raƙuma daga wajen Kelle, Umaru, ya zo mini yana neman hatimin kasuwa. Adadin sunansa ɗari uku da goma. Na cire sha biyu, na raba uku, casa'in da tara ta fito, ɗaya ta yi saura. In haka ta faru akwai dabarar da duk mai wannan sana'a ya sani, mu muna ce mata faci: in ka iso gida na bakwai sai ka tsallake lamba ɗaya. Jerin kwance ya cika, na tsaye ya cika. Sai dai ɗaya daga hanyoyin karkace tana tsayawa a ɗari uku da tara, gurguwa, kuma ba dabarar da za ta miƙar da ita, tunda jimla dole ta zama na tsakiya sau uku. Ba mai dubawa. Baduku ya ɗinke, an wuce wurin.

Shekarar nan kasuwa ta buɗe wa Umaru. Bayan shekara biyu ya je Makka. Duk inda ya zauna sai ya bugi dantsensa ya ce aikin Malam Mamman ne. Kowace babbar Sallah rago yake aiko mini, kai ma ka ci namansu kana ƙarami. Ni kuwa na san hatiminsa gurgu ne. Da ina da hankali, da a nan na tsaya na ce: in gurgu ya yi wannan aiki, to ba hatimin ba ne, mutumin ne ya san raƙumi, kuma Allah Ya ba shi. Tunanin ya zo mini, ba zan ce bai zo ba. Na kore shi, na ci rago.

Kuskure na biyu ke nan, kuma ya fi na farko muni, don wannan karon na sani. In aka yabe ka a kan abin da ba kai ka yi ba, ka faɗa a ranar, tun yabon bai yi nauyi ba. In ka bari ya kwana, gobe za a kawo maka wani abu a ce ka ɗauka da wannan ƙarfin da ba ka da shi.

Yanzu zan faɗa maka abin da ya sa na rubuto.

Ka tuna baffanka Bukar, ƙanena, mijin Falmata? Shi ke ɗaukar ka a wuya ya kai ka kwari cin dabino. An gaya maka rijiya ce ta rufta da shi, gaskiya ne. Ba a gaya maka saura ba, don ni kaɗai na san shi duka.

Bukar haƙar rijiya yake yi tare da wani dattijo, Baba Kyari, wanda a ƙasar Bune duka ba wanda ya kai shi sanin ƙasa. Wata rana ya shigo zaure yana kaɗe yashi daga wandonsa ya ce, "Yaya Malam, kana ta gyara ƴaƴan mutane, naka ƙanen yana shiga rami tsirara. Ko sai na kawo rago?"

Na ce, "Kai ko akuya ba ka da ita. Zauna."

Na buga sunansa. Harafin ba biyu ne, kaf ashirin, ra ɗari biyu: ɗari biyu da ashirin da biyu. Na cire sha biyu, na raba uku, saba'in cif, ba saura. Na ce, "Kai, Bukar, sunanka ba ya son faci. Irin wannan a shekara ba na samun biyu." Ga shi, har yau ko barci nake aka tashe ni zan zuba shi:

73  78  71
72  74  76
77  70  75

Ka haɗa da kanka. Duk hanya takwas sun cika, ban taɓa yin aiki mai tsabta kamarsa ba. Ya ɗaura a dantsen dama, ya fita yana cewa yanzu ko kunama ta gan shi sai ta gaishe shi.

Da bazara ta yi tsanani, aka kira su yasar wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye na wajen Bune. Ruwanta ya ja baya, dabbobi sun taru, shanu da raƙuma har ido ba ya ganin ƙarshensu. Ni ma aka kira ni in yi addu'a a bakin rijiyar. Da hantsi aka zura Baba Kyari da igiya. Bai kai rabi ba ya girgiza igiyar, aka jawo shi. Ya fito ya zauna, ya ce, "Rijiyar nan tana tsiyaya. Itacen da aka tokare bangon da shi gara ta cinye. Ba mai shiga. A haƙa sabuwa."

Wuri ya ruɗe. Haƙa sabuwar rijiya aikin wata guda ne, dabbobin kuwa ba za su yi mako ba. Ban ga laifin makiyayan ba, dukiyarsu ce ke mutuwa a gabansu. Ana cikin haka Bukar ya tuɓe riga ya ce, "Baba Kyari, tsufa ne ya zo, ba gara ba. Huta, yau ɗanka zai yi."

Tsohon ya ce, "Ni na koya maka riƙon igiya, mara kunya. Na ce ba mai shiga."

Bukar ya bugi dantsensa. "Ni ina da gida tara a nan, ba faci. Ko ba haka ba, Yaya Malam?"

Duk aka juyo ana kallona. Alhaji Umaru yana wurin, raƙumansa na cikin masu jiran ruwa. Ya ɗaga murya ya ce, "In dai Malam Mamman ne ya rubuta, ko wuta ce shiga, yaro. Ni shaida ne."

Baba Kyari ya taso ya kama hannun rigata. A hankali ya yi magana, ba wanda ya ji sai ni. Ya ce, "Malam, ƙanenka ne fa, cikinku ɗaya. Ni ba zai ji tawa ba, taka zai ji. Ka ce kada ya shiga."

Abba, na san tsohon ya fi ni gaskiya. Na san abin da ke cikin layar nan, ni na zuba shi, saba'in zuwa saba'in da takwas ne da tawada. Amma in na ce kada ya shiga, na faɗa wa mutanen ƙauye uku cewa aikina ba ya tare yashi. Na duba fuskokinsu, na janye hannun rigata, na ce, "Aikin dai ya cika."

Ka ga yadda na zaɓi maganar? Ban ce shiga ba. Abin da na faɗa gaskiya ne a lissafi. Shekara goma sha huɗu ina ɓuya a bayan wannan, ba ta ɓoye ni ba.

Ya sauka yana dariya. Muna jin muryarsa daga ƙasa yana cewa, "Ku ja guga, ragwaye, ko sai na hau na ja muku?" Guga uku suka fito cike da laka. A na huɗu muka ji wani sauti, ba mai ƙarfi ba, kamar an zazzage buhun gero. Ƙura ta taso daga bakin rijiyar. Igiya ta ƙi motsi.

Kwana biyu aka yi kafin a kai gare shi, kuma Baba Kyari ne ya ja aikin, shi da aka ce tsufa ya kama shi. Ni na yi wa Bukar wanka. Na kwance layar, fatar ko ƙwarzane babu. Na farke ta a bayan gida, na sake haɗawa, wai ko na yi kuskure. Wallahi so nake in sami kuskure. Babu. Ɗari biyu da ashirin da biyu ta ko'ina.

Kada ka ce mini kwanansa ne ya ƙare. Na sani, na yi imani da ƙaddara, ba wanda ke wuce ranarsa. Amma ni za a tambaye ni abin da na faɗa a bakin rijiyar, ba za a tambaye ni ranarsa ba. Kuma ka fahimce ni da kyau: ban soki addu'a ba, ban soki ayar Allah ba, su ne ke riƙe da ni a nan. Ina magana a kan lambobi a cikin gidaje, da mutumin da ya sa ƙanensa ya jingina ransa da su.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi ƙazanta. Bayan sadakar bakwai magana ta fara yawo, wai laya ba ta da laifi, bakin tsohon ne ya karya ta, wai hassada yake yi wa yaron da zai gaje shi. Ba ni na fara ta ba. Amma an faɗe ta a zaurena, ina zaune, na sunkuyar da kai ina jan carbi. Aka daina kiran Baba Kyari aiki. Ni kuwa masu neman laya suka ƙaru. Kakarka ta kira ni ɗakinta ta ce, "Mamman, ka tabbata ba ka yi kuskure a rubutun nan ba?" Na ce, "Ban yi ba, Inna." Ta ce, "To alhamdu lillahi," ta share hawaye. Har ta rasu da wannan take.

Na kasa zama. Duk wanda ya shigo zaure ya miƙo mini dantse, fuskar Bukar nake gani. Ba a yi damina biyu ba na ce wa innarka za ni neman kuɗi, na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Agadas. Ba neman kuɗi ba ne, gudu ne. Na zaɓi in bar mata da ƴaƴa biyu da in tsaya gaban mutane in faɗi magana ɗaya. Ga ni nan ina ba dabinon wani ruwa, gwiwoyina sun tafi, mai gonar har yau bai riƙe sunana ba, kuma abin da na gudar wa tare muka hau kamyon. In ka yi abin kunya a inda za ka, ka tsaya a wurin ka faɗe shi. Kunyar yini ɗaya ce ko ta shekara. Tawa ta girme ƙanwarka.

Na yi alkawarin koya maka duka, to ga sauran. In gefen hatimi huɗu ne, takun karkace ba ya aiki, wata hanya ake bi kuma ta fi sauƙi. Ka rubuta ɗaya zuwa sha shida a jere, huɗu-huɗu, kamar ɗan lakwal. Sannan ka dubi lambobi takwas da ke bisa hanyoyin karkace biyu, kowace ta yi musayar gida da wadda ke fuskantarta ta ɗaya ɓangaren: ɗaya da sha shida, huɗu da sha uku, shida da sha ɗaya, bakwai da goma. Sauran kada ka taɓa su.

16  2  3  13
5  11  10  8
9  7  6  12
4  14  15  1

Talatin da huɗu ta ko'ina. Mai takwas-takwas ma ɗan'uwan wannan ne. Mai shida-shida kuwa yana da wuya, ni ban iya gina shi ba, daga kundin kakanka nake kwafa, kuma ina zaton shi ma kwafa ya yi. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Sunanka na yanka ba na faɗarsa, sunan mahaifina ne, amma haruffansa uku: ain saba'in, lam talatin, ya goma. Ɗari da goma. A gida tara ba ya shiga sai da faci. A gida sha shida kuwa ana cire talatin a raba huɗu, ashirin ta fito ba saura. Ka jera daga ashirin zuwa talatin da biyar, ka yi musayar da na nuna maka. Kafin shayi ya tafasa ka gama, kuma zai cika ta kowace hanya kamar na baffanka. Ka yi shi da hannunka, ka ji daɗinsa, don abu ne mai kyau, lambobi ba su taɓa yi mini ƙarya ba, ni na yi a bisa kansu. In ka gama ka ɗaga takardar ka dube ta, ka tambayi kanka ko za ta tare bangon rami. A can za ka tarar da masu sayar da irinta, wasu ma da faci. Yanzu ka san abin da ke cikin fatar.

Ga abin da nake roƙonka, roƙo ne, ba umarni ba. Innarka ta ce Baba Kyari yana nan da rai a gidan ƴarsa a Bune, idonsa ya yi rauni amma hankalinsa garau. Kafin ka hau mota, ka fara zuwa wurin Falmata ka karanta mata takardar nan, ita ta fi kowa haƙƙin ji. Duk abin da ta faɗa a kaina ka karɓa, kada ka kare ni. Daga nan ka tafi Bune, ka nemi liman da mai gari da duk dattijon da ya ga ranar, ka karanta musu a gaban tsohon, da ƙarfi, kada ka tsallake inda ya kama hannun rigata. Na san abin da nake ɗora maka. Sunana zai zube a Gure, kuma kai ke amsa shi. Na so in zo in yi da bakina, amma hanya ta fi ƙarfin ƙafafuna yanzu, kai kuma ba za ka jira ni ba.

In an watse, ka durƙusa ka roƙe shi ya bar ka ka zauna wurinsa mako guda. Ka ce ya koya maka yadda ƙasa ke yi kafin ta faɗi: abin da ake ji, abin da ake gani, inda ake taɓawa. Na san ramin zinariya ba rijiyar Bune ba ne, amma shi ya san tambayoyin da ake yi wa bango, ni ban san ko ɗaya ba. In ya kore ka, yana da gaskiya, ka koma washegari. Abokanka in sun ƙi jira su tafi, wata mota za ta tashi. Wannan ne tsarin da nake da shi da zan ba ka, kuma ba nawa ba ne, na mutumin da na zalunta ne.

A can kuma, kowane rami ka je, ka nemi wanda ya fi kowa daɗewa a cikinsa, ka riƙa kallon fuskarsa, ba ta mai ramin ba. Ranar da ya ce ba a shiga, kada ka shiga, ko zinariyar tana ƙyalli kana ganinta daga sama. In kana ciki ka ji ƙasa ta zubo maka a wuya, ko kaɗan ce, ka girgiza igiya. Za su yi dariya, za su ce kai ba namiji ba ne. Ka ce musu haka ne, ubanka matsoraci ne, gado ka yi. Ka fito.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya fitar da kai daga kowane rami da ƙafafunka, Ya maido ka ga innarka ko da hannu wofi ne. Allah Ya jiƙan Bukar, Ya saka wa Baba Kyari, ni kuma Ya yafe mini in mutanen nan sun yafe. Ka gaida innarka, ka ce mata na san ta karanta kafin kai, ba komai.

Wassalam.

Mahaifinka,
Mamman.